Na Sayi Talatar Amiru

Salamu alaikum masu bibiyar shafin nan. Na ga saƙonninku kaf, har da na baiwar Allahn da ta rubuto min cewa in rabu da Amiru in huta. 'Yar'uwa na gode da shawara, amma kin makara, don yanzu ko na rabu da shi ina da kaso a jikinsa. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Ramlatu, 'yar Malam Halliru manomi a nan Kibiya, ɗinki nake yi a gida. Amiru ɗan Rano ne, maraya, shi ne wanda aka karɓi gaisuwarsa a gidanmu aka ce biki sai ya gama makarantar horar da hafsoshin soja. Ba kuɗin gidansu ne ya kai shi can ba. Wasu dillalan hatsi su bakwai ne suka haɗa hannu suka ɗauki nauyinsa, tun daga kuɗin takardu da na mota da guzuri, har sadakar malaman da suka yi masa saukar Alƙur'ani. Dalilinsu ba a ɓoye yake ba, so suke su samu nasu a cikin kaki, wanda in an tsare musu mota a hanya za su zaro waya su ce bari mu kira yaronmu. Sharaɗi ɗaya suka kafa, in ya baro makarantar da ƙafarsa zai biya su kuɗinsu har sisin kwabo. Da aka ce a kawo mai tsaya masa, babana da ko tambayarsa ba a yi ba ya yi zumbur ya miƙe ya ce ai shi ne surukin soja. Ya dangwala yatsa, ya ajiye gonarsa ta ƙauyen Fassi a matsayin jingina.

Shekara biyu muna shan kirari. Har a wajen markaɗe matsa min ake yi, wai ga matar Kaftin. Kwatsam rannan sai ga Amiru ya sauka a tasha da 'yar jakarsa, kai a aske tal, ya ce ya dawo ke nan. Aka yi juyin duniya ya faɗi dalili, ya ce shi dai ya dawo.

Alhaji Lado, shugaban dillalan, ya tara sauran a ƙofar sitonsa. Ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, a fito da kuɗi. Amiru ya zazzage aljihu, abin da ya faɗo ko buhun dusa ba zai saya ba. To kun san mutanenmu, in abu na haɗaka ne watanda ake yi, kamar saniyar Sallah. Tunda shi ba ya yankuwa, sai suka yi watandarsa da kwanaki. Su bakwai, ranaku bakwai. Kowa ya ɗauki rana ɗaya, Amiru ya wuni yana masa aiki, a cire ladan lebura daga bashin, mai rana kuma shi ke ciyar da shi. Na sa wata ƙawata mai kan lissafi ta auna min yaushe bashin zai ƙare, ta ce in fara neman lallen rina furfura.

Wallahi da aikin arziki suke sa shi da da sauƙi. Amma su fa soja suka saya, kuma soja suke so su mora. Alhaji Lado mai Laraba tsayar da shi yake yi a bakin sito ya ƙame kamar turke, wai don masu cin bashi su ga alama. Mai Juma'a ba ya buƙatar komai sai a buɗe masa ƙofar mota a bakin masallaci a sara masa, daga nan sai a tsaya a rana a jira shi ya gama gaisawa da jama'a a sake sarawa. Akwai wani a Rurum Tsohon Gari da yake fito da 'ya'yansa maza da sassafe Amiru ya koya musu hagu-dama don su daina barcin asara, matan gidan suna leƙe ta katanga suna shewa. Wata rana mai Alhamis ya are shi ran Laraba ba da izini ba, aka yi rigima har hula ta faɗi. Sai da liman ya shiga tsakani, ya sa duk su bakwai suka dafa Alƙur'ani cewa rana ta mai rana ce, inda ya ce Amiru ya wuni nan zai wuni, ba mai taɓa ta wani.

Babana kuwa sai ku tausaya masa ku kuma yi dariya. Ba wanda ya tsana a duniya kamar Amiru, ba kuma wanda yake wa addu'ar tsawon rai kamarsa. Bayan sallar asuba ina jiyo shi daga ɗaki.

"Ɗan banza, maci amana, ya kunyata ni a idon duniya. Allah ka ƙara masa lafiya. Allah ka tsare shi daga haɗarin hanya."

Shi ya saya masa gidan sauro. Da ya ji an gan shi a kan acaɓa su uku, takanas ya tafi Rano ya wanke shi tas a gaban mutane, ya ce in yana son mutuwa ya bari sai ya gama biya. Ni kuma ya kafa min doka, ba zance, ba maganar biki, sai ran da takardar gonarsa ta dawo hannunsa.

Abin da ya fi cin raina ke nan. Wata uku ban sa Amiru a idona ba. Kowane ƙato a kasuwa yana da rana a wajen saurayina, ni da zan aure shi ba ni da ko rabin yini. Kuma ni ma ban san abin da ya koro shi ba, ina ji a jikina dai cewa abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Sai waya kawai, ita ma a gajiye yake amsawa.

Na rubuta masa: "Wai yaushe za ka zo?"

Ya amsa: "Ba ni da rana, Ramla."

"Da yamma fa?"

"Baba ya ce in ya gan ni a layinku sai ya karya min ƙafa. Ya kuma dawo ya ce a'a ba ƙafa ba, da ita nake biyan bashi."

Na yi dariya har na ƙware, daga nan na kifa kai a kan keken ɗinkina na yi kuka mai isata.

Ana haka sai ga saƙon murya daga Jannatu, ƙawata tun makarantar kwana, 'yar Alhaji Ɗan'azumi na Zurgu, wanda Talata ta faɗo a kasonsa.

"Ke Ramla, saurayinki zai talauta mu. Alhaji ya ce ya koya wa shanun huɗa tafiya a layi, shanu sun ƙi jin hagu-dama, yanzu ba aikin da yake mana sai ci. Wallahi malmala biyar yake tashi da ita ya sha fura a kai. Alhaji har cewa ya yi da zai samu mai saye da ya sayar da Talatar nan ya huta."

Na sake kunna saƙon. Na kuma sake kunnawa. Sai na leƙa bayan ɗaki inda raguna biyu da nake kiwo don kayan ɗakina suke tuƙa, na dawo na kalli keken ɗinki. Umma, mahaifiyata, tana tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago ta dube ni.

"Wannan kallon naki na rashin gaskiya ne. Me kike ƙullawa?"

Na durƙusa na faɗa mata. Ta ajiye rariya ta ce, "Malam gobe zai wuni a Fassi. Ni ban ga fitar raguna ba, idona ciwo yake."

Washegari na samu Alhaji Ɗan'azumi a zaurensa yana taunar goro, Hajiyarsa da Jannatu suna daga bakin ƙofa a matsayin shaidu. Da ya gane da gaske nake, nan take dillalin cikinsa ya farka, ya gyara zaman hula.

"'Yata, kaya ne mai kyau. Lafiyayye, ba ya ƙin aike, ga tsayi. Ni ba don ke ba ce da ban saki ba."

"Alhaji, ai na ji an ce kayan naka akwai ci."

"To wane abin kiwo ne ba ya ci?"

Na ce raguna biyu. Ya ce albarka. Na ƙara da 'yan kunnena na azurfa. Ya ce albarka, ko kuɗin takalman da ya saya masa ba su kai ba. Jama'a, ina zaune a kan tabarma ina taya mijin da zan aura kamar buhun masara, kuma wallahi har haushi na ji da na ga yana yaba shi da yawa, don farashi yake ɗagawa. Da na ga ba sarki sai Allah, na ce har da keken ɗinki. Ya kalli Hajiya, Hajiya ta ɗaga masa gira.

"Na sallama. Allah ya sa alheri. Amma ki sani, kayan da aka saya ba a dawo da shi."

A ranar aka sanar da liman cewa Talata ta canja hannu. Da mai babur ya zo ya ɗaure kekena da igiyar roba ya tafi da shi, sai da na shige ɗaki na toshe bakina da filo. Da keken nan na yi wa kaina komai tun ina 'yar shekara goma sha biyar.

Ran Talata tun da asuba na share tsakar gida, na turara zaure da turaren wuta, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Na ɗora ɗanwake, na yanka masa ƙwai da tumatir da albasa, na soya man gyaɗa, na cika babbar samira don an riga an gargaɗe ni. Na saka atamfata ruwan ganye mai zanen fulawa, riga da siket, ɗinki na ƙarshe da na yi a kekena, na yafa mayafi ruwan madara, na zizara kwalli, na shafa humra har Umma ta yi atishawa.

Hantsi na yi sai ga sallama. Baba ne ya fita, buta a hannu.

"Kai! Me ya kawo ka gidana?"

"Aiki na zo, Baba."

"Aikin uban wa? Yau Talata, kana Zurgu."

"An sayar da ni, Baba. Nan aka ce in zo."

Baba ya shigo yana huci, Umma ta tare shi da bayani a hankali kamar mai ba yaro magani. Ya ce sai ya kore shi. Ta ce to, amma duk Talatar da bai yi aiki ba bashi bai ragu ba. Ya ce to ya zo ya bi shi gona. Ta ce ai ba ranarsa ba ce, an dafa Alƙur'ani. Sai ta ƙara da abin da ni ba zan iya faɗa ba ko da wuƙa a wuyana.

"Kuma Malam ka riƙa sassauta murya. Yanzu kashi ɗaya cikin bakwai na jinginar gonarka a hannun 'yarka yake."

Baba ya zauna daɓas a kan turmi.

Na samu Amiru a zaure a tsaye, hannu a baya. Ya rame, ya yi baƙi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yana ganina ya buga ƙafa ya sara min.

"Ranki ya daɗe, wane aiki za a yi?"

"Zauna."

Ya zauna.

"Ci."

Ya ci, kuma Jannatu ba ta yi masa ƙarya ba. Sai da ya ga ƙasan samira sannan na ce masa aiki na gaba shi ne ya faɗa min gaskiya, raguna biyu da keke na biya, ba zan karɓi "na dawo ke nan" ba.

Ya kalli hannunsa.

"Ramla, kin taɓa ganin na yanka kaza?"

Na ce a'a.

"Ban taɓa ba. Tun ran farko na faɗa wa su Alhaji, suka ce can za a gyara ni. Gudu na iya, yunwa na iya, dukan rana na iya, karatun ma ina cikin na gaba. Amma duk ran da aka kai mu filin harbi, allon da ake harbi an yanka shi da siffar mutum, da kai da kafaɗu. Ina ɗaga bindiga sai in ga kamar wani na sani. Yau in ga mai shayin layinmu, gobe in ga kawuna. In runtse ido in harba. Rannan na runtse ido, hannuna ya kauce, harsashi ya wuce ta gefen wani abokina da tazarar da ba ta kai taku ɗaya ba. Bai ma sani ba, dariya yake min. A makon na haɗa jakata."

Ya ce, "In na koma, ko dai a kashe ni ko in kashe wani, kuma ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba. Gara in yi ta sara wa Alhazai har in tsufa."

Ban san lokacin da hawaye ya wanke min kwalli ba. Duk fushin da na tara na wata uku sai ya bi ruwa. A raina na ce ko banza na ci ribar cinikina, don a yau na ƙara son bawan Allahn nan fiye da ran da ake ce min matar Kaftin.

Bayan la'asar muna zaune yana taya ni tsince wake, sai muka ji tsayuwar motoci a ƙofar gida. Alhazai bakwai reras, Alhaji Lado a gaba, Alhaji Ɗan'azumi a can baya yana cizon yatsa. Aka shimfiɗa musu tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida, Baba ya fito, aka ce a kira "mai Talata". Na ja mayafi na rufe kaina, na durƙusa daga bakin zaure. Amiru ya rakuɓe a jikin bango.

Alhaji Lado ya yi gyaran murya.

"Malam Halliru, albishir muka kawo. Wani surukina da ya san manya ya yi ta bin ƙafa, an yarda a ba yaron nan dama ta ƙarshe. Talata mai zuwa kafin azahar ya kasance a bakin ƙofar makaranta. In ya koma mun yafe bashi, ka karɓi takardar gonarka. Abu ɗaya ne, ba sa riƙe mai mata, saboda haka biki sai nan da shekara uku."

Baba ya ɗaga hannu sama yana hamdala. Tunda aka fara wannan masifa ban ga haske a fuskarsa ba sai yau.

"Matsalar," in ji Alhaji Lado, ya juya ya harari Alhaji Ɗan'azumi, "wani mai gajen haƙuri ya sayar da ranar. Mu kuma mun rantse. To yarinya, faɗi nawa kika saya, mu ninka miki. Ragunanki su dawo, a ƙara miki biyu. Keke kuma sabo dal, mai amfani da lantarki."

Wayata ta yi ƙara a cikin mayafi. Na saci kallo. Amiru ne, daga inda yake tsugune, taku kaɗan tsakaninmu.

"Don Allah kar ki sayar da ni."

Na kalli Baba. Tsoho ne, gonar nan ita ce gadonsa, ita ce tuwonmu, kuma ido ya zuba min irin kallon da bai taɓa yi min ba, kallon roƙo. Na kalli Amiru, kansa a ƙasa, wayar a hannunsa. Gaba kura baya sayaki. Sai na ce a raina ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Alhaji, ku yi haƙuri. Da aka sayar min an ce kayan da aka saya ba a dawo da shi. Kuma ranar ina da aikin da zan sa shi."

"Aiki? Wane irin aiki ne ya fi wannan?"

"Zai zauna a masallacin unguwarmu bayan azahar, a ɗaura masa aure. In Baba ya yarda."

Wani Alhaji ya saki salati. Wani ya ƙware da goro har sai da aka bubbuga masa baya. Daga cikin gida na ji faɗuwar kwano, na san Umma ce a laɓe. Alhaji Lado bai ɗaga murya ba, ya dai miƙe ya kaɗe rigarsa, ya dubi Baba.

"Malam Halliru, ka ji 'yarka. Talata tata ce, ba mu isa mu taɓa ba. Amma ka tuna mata Laraba tawa ce. In aka ɗaura auren nan ran Talata, wayewar gari ina Fassi da masu awon gona."

Motoci suka tashi. Aka bar mu mu uku a ƙofar gida, ba mai kallon wani. Na jira mari, na jira tsinuwa, ko ɗaya bai zo ba. Baba ya kalli Amiru, ya ce masa a hankali, "Kai, da gaske ba za ka iya ba?"

Amiru ya girgiza kai, hawaye na ɗiga a gwiwarsa.

Baba ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar. Ya wuce ni ko kallo, ya shiga tsakar gida, na ji ya ɗaga murya yana kiran Umma.

"Rakiya! Fito min da babbar rigata a wanke a kai bugu. Ina son ta kafin Talata."

Tun daga lokacin bai ƙara yi min magana ba, na gaishe shi ya amsa da kai. Ga rigar can Umma ta shanya a igiya tana ɗigar ruwa, ina kallonta ta taga ina muku wannan rubutu. Ban sani ba ko ta ɗaurin aure ce, ko ta raka Amiru tasha, ko ta zuwa gaban alƙali a kan gona. Babana babbar riga ɗaya gare shi.